Jinin Ƙarfe Takwas

Baƙo na ɗauka Dole Kaina nan ne Najeriya ta ƙare. Mu da muke ciki mun san tsakiyar duniya ce. Ka bi wani lungu ka ɓulla Nijar. Ka shiga kwale-kwale ka ƙetare Kwara ka sauka Lolo a ƙasar Bagudo, daga nan ɗan acaɓa ya ajiye ka Jamhuriyar Benin kafin gumin jikinka ya bushe. Saboda haka babu abin da ba ya iso mu: gwanjo, atamfa, taliya, da magunguna masu rubutun Faransanci da babu wanda ya taɓa damuwa ya karanta.

Ni malamin firamare ne, ina haɗawa da noman shinkafa a fadama, kuma fadamar ce ta ci mini gwiwoyi. Ya kai in na yi zaman tahiya sai na dafa kafaɗar na kusa da ni nake miƙewa. Wani abokina mai tuƙin kwale-kwale, wanda tare muka sha bulalar makarantar allo, ya gan ni ina ɗingishi a bakin ruwa.

"Malam, mi za ka yi da asibiti? Akwai yaron da ke kawo haɗi daga ƙetare. Ƙulli guda za ka sha, gobe in ka so ka buga ƙwallo."

Ƙullin leda ne, ƙwayoyi biyar a ciki, kowace da launinta: ja, ruwan ɗorawa, wata rabi baƙi rabi ja, wata doguwa, sai wata 'yar ƙarama fara da har na so in yar saboda raini. Na haɗiye bayan isha'i. Da asuba na riga ladan isa masallaci. A ranar na yi dashen da na kwana biyu ina ɗagawa, na dawo na cinye tuwona, na cinye na yara, na tambaya ko akwai ƙanzo.

Daga nan kullum sai ƙulli. Cikin 'yan watanni fuskata ta cika ta zagaye, kumatu suka ture idanu, wuya ya yi tozo ta baya, tumbi ya fito gaba. Ƙafafuwa da hannuwa kuwa sirancewa suka yi, amma babbar riga ta rufa musu asiri, haka ma wasu jajayen zane-zane da suka tsattsago mini a ciki. Barci ya ƙaura. Ƙarfe biyun dare sai in tashi ina lissafin gonar da ban saya ba.

Abin da ya ɓata lamarin shi ne lokacin da ƙibar ta zaɓa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an toshe gadar da ta haɗa Malanbil ta Benin da Gaya ta Nijar, kaya suka koma bin ruwa, duk mai kwale-kwale ya zama mai faɗa a ji. A irin wannan yanayi malamin firamare ya yi kumatu, ga shi kullum ana ganinsa da mai kwale-kwale suna ƙus-ƙus ana miƙa masa leda. Gari ya gama shari'a. Yara suka koma kirana Alhaji. A wurin ɗaurin aure aka fara matsa mini wuri a kan darduma. Kawuna ya zo da sassafe, ya yi gaisuwa mai tsawo da bai saba ba, ya dube ni sama da ƙasa.

"Ɗana, wagga ƙiba ba ta alli da allo ba ce. Allah shi ƙara buɗi. Dama taki nike son saye."

Na rantse masa babu. Ya yi dariya, ya ce haka masu shi ke cewa. Da kunya ta ishe ni sai na ranto na ba shi. Uwargida kuwa ta daina yi mini magana sai da hanci, don wata ta gaya mata namiji ba ya irin wannan sheƙi sai yana neman aure.

Ana nan sai yaron mai haɗi ya ɓace. Wasu suka ce an kama kayansa, wasu suka ce ya tafi girbi. Na ce to, gwiwa ta warke, a sauka lafiya. Kwanaki kaɗan sai jiki ya ƙi. Abinci ya fita raina, amai, jiri, gaɓoɓi duk suka saki. Ranar Juma'a na ɗago daga sujada ta biyu, masallaci ya juya, ban sake sanin inda nake ba sai a kan tabarma a zaure ana yi mini fifita. Inna ta ce kambun baka ne, wa ya ce in riƙa fita da wannan jiki ba laya. Aka turara ni har na fi kifin banda ƙauri. Mai kemis ya ce taifod ce, domin a ƙasar nan duk ciwon da ba maleriya ba taifod ne.

A Kamba wani ma'aikacin lafiya ya auna jinina ya ga ya yi ƙasa sosai, ya ɗaura mini ruwa, ya ce a wuce da ni Birnin Kebbi a daren. Likitan da ya karɓe ni matashi ne. Ya buɗe rigata, ya ga zanen ciki, ya dubi siraran ƙafafuwa, ya taɓa tozon.

"Malam, kana shafa man ƙara haske?"

Na ce ranka ya daɗe, da gemuna? Ya ce ba zagi ba ne, da yawa daga cikin mayukan bilicin suna ɗauke da irin maganin da yake zargi, yana ratsa fata ya shiga jini, har hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. To ko ina shan wani abu? Na ce ruwa da fura. Sai uwargida ta kwance bakin zane ta ajiye masa tsohon ƙulli a kan tebur. Ashe ta ɓoye shi ne a matsayin shaida, tana zaton maganin masu shirin angwanci ne. Likita ya ware ƙwayoyin da bakin biro, ya tsaya kan 'yar ƙaramar fara.

"Ga ɓarawon nan. Deksametason."

Uwargida ta ce, "Au, sha-ka-fashe?" Ta san shi sarai, 'yan mata na sha kafin biki don su yi ƙiba.

Aka yi mini allurar haidirokotison, aka ƙara ruwa. Kafin gari ya waye na nemi shayi. Da na dawo hayyacina likita ya zana mini ƙoda biyu a bayan takarda, ya ɗora wa kowace ɗan tudu a ka. Ya ce waɗannan su ne adirinal, kowace nauyinta bai wuce giram biyar ba, su ke yin wani sinadari, kotisol, wanda ke riƙe ƙarfin bugun jini da sukari, kuma shi ke tallafar jiki in zazzaɓi ko rauni ko firgici ya zo. Ba sa aiki sai wata 'yar tsoka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ta aiko musu da umarni ta cikin jini. Deksametason kwaikwayon kotisol ne da aka ƙera, amma ya ninka shi ƙarfi wajen sau 25. In mutum ya wuce mako uku zuwa huɗu yana sha, ƙwaƙwalwa sai ta ga kaya sun wadata ta daina aike.

"Malam, in maƙwabta na aiko muku tuwo safe da dare wata da watanni, Hajiya za ta hura wuta?"

Na ce ko kusa. Uwargida ta harare ni.

"To ranar da suka daina aikowa, itace ya jiƙe, tukunya an ara. Haka naka suka yi."

Ya ce kumburin da gari ke taya ni murna a kai ciwo ne mai suna, wani likitan Amurka, Harvey Cushing, ya bayyana shi dalla-dalla a 1932. Faɗuwar masallaci kuma ɗan'uwan ciwon da Thomas Addison ya rubuta a Landan a 1855 ne, sai dai yawancin marasa lafiyar Addison tarin fuka ne ya cinye musu adirinal, kuma har yau tarin na yin wannan ɓarna a ƙasashenmu. Ni na kwaso biyun a shekara guda daga leda. Na ɗan ji sanyi da ya ce ba ni ne farkon wanda maganin ya ruɗa ba: a 1948 a asibitin Mayo na Amurka aka fara yi wa wata mata mai ciwon gaɓoɓi allurar kotison, ɗan'uwan wannan maganin, cikin kwanaki ta tashi tana yawo, a 1950 aka ba Hench da Kendall da Reichstein kyautar Nobel, amma illolin ma ba su daɗe ba suka bayyana. Maganin kirki ne, in ji shi, in likita ne ya ƙayyade yawa da kwanaki.

Aka sallame ni da ƙwayar haidirokotison, wadda za a riƙa rage mini a hankali. Bayan wani lokaci kuma in zo a auna kotisol a jini, a ga ko masu barcin sun farka. Sharaɗi biyu: a ɗebi jinin wajen ƙarfe takwas na safe, kuma in yi awa 24 ban sha ƙwayar ba. Na ce wannan ai wasa ne, mu da muke fita fadama tun duhu.

Ranar na hau babur bayan asuba na isa tashar Kamba. Mota na jiran mutum biyu. Aka sami ɗaya, wani ya sauka ya tafi fitsari bai dawo ba. Da muka tashi, wani fasinja na da buhuna a but, saboda haka kowane shinge sai an buɗe, an soka, an shinshina, an yi 'yar magana a bayan mota. Muka wuce Bunza rana ta ɗaga, Kalgo ta fara zafi. Na shiga ɗakin gwaji sha biyu saura, ina layi saboda rashin ƙwaya, na miƙa takarda na naɗe hannun riga. Yarinyar da ke ɗibar jini ta dubi agogon bango.

"Baba, lokaci ya wuce."

Wata uku baya Alhaji nake, yau na koma Baba. Na ce 'yata, jinin da ke jikina da safe shi ne dai har yanzu, ban sauya shi a Bunza ba. Ta ce jini ɗaya ne, kotisol ɗin ne ba ɗaya ba. Yana hawa tun kafin asuba, ya kai ƙololuwa da sassafe, ya yi ta sauka har tsakar dare. In ta ɗiba yanzu aka ga kaɗan, babu mai iya cewa ciwo ne ko rana ce ta yi. Na roƙe ta ta rubuta takwas a jikin kwalbar, Allah na gani ba cuta nake nufi ba. Ta ce in haɗiye ƙwayata yanzu-yanzu kafin in faɗi mata a ofis.

Da zan sake komawa na yi wayo, na kwana a Badariya cikin Birnin Kebbi, gidan ɗan ƙanen babana. Bakwai da rabi ina kan benci, na sha kokona na ƙoshi, don an ce gwajin bai hana karin kumallo ba. Yarinyar ta ɗaure mini hannu da roba, ta goga auduga, sai waya ta yi ƙara. Matar ɗan'uwana ce.

"Yaya, ka ji daɗin kokon? Yaya Hajiya ta bugo jiya ta ce kana wasa da magani, sai na daka maka shi a ciki."

Yarinyar ta ji komai. Ta kwance robar a hankali, ta ce haidirokotison shi ne kotisol ɗin kansa, in ta ɗiba yanzu na'ura kokon za ta auna. Mutanen da ke kan benci suka yi ta dariya, har da wani mai karyayyen hannu.

A gida shawara ta yi yawa. Abokina mai kwale-kwale, wanda bai ga laifinsa ko na ƙwayar zarra ba, ya ce shi kullum ƙarfe takwas lafiyarsa lau, a ɗebi nasa a rubuta sunana. Inna ta ce tun da aka fara awon jini da agogo ta san duniya ta zo ƙarshe. Ni kuwa na sayar da buhun shanshera na koma, na shimfiɗa tabarma kusa da maigadin ɗakin gwajin. Ya miƙo mini shayi na ƙi. Ya ba ni goro na ce ya fara ɓantara. Takwas daidai allura ta shiga, aka cika 'yar kwalba ɗaya, abin da bai kai cokali biyu ba. Sannan aka gaya mini ba a nan ake aunawa ba, za a sa shi a kula da ƙanƙara a aika wani gari. Jinina ya hau mota ya tafi, babu wanda ya ce masa ya makara.

Sakamako ya zo ta WhatsApp: 62. A ajina 62 ci ne mai kyau, har nakan sa a tafa wa yaro. Na nuna wa Kawu ya ce barka, tunda na warke ko zan ƙara masa wani abu. Na kira likita da murna. Ya ce Malam, ba bisa ɗari ake ba da makin ba. In ya haura 300 adirinal sun farka, a daina ƙwaya. Ƙasa da 150 suna barci, a ci gaba, a sake gwaji bayan watanni. Tsakanin biyun kuma sai a maimaita, ko a yi wa mutum allurar da ke kwaikwayon umarnin ƙwaƙwalwa a ɗebi jini bayan minti 30 da 60 a ga ko sun amsa. Ya ƙara da cewa wasu sai sun shekara ko fiye kafin nasu su tashi, kuma duk ranar da zazzaɓi ya kama ni in ninka ƙwayar, in amai ya hana ta zama in nemi allura ba tare da jiran safiya ba.

Kumatu suka sace sannu a hankali, tozo ya kwanta, aka janye mini Alhaji ba tare da sanarwa ba. Gwiwa ta dawo da ciwonta, yanzu farasitamol da motsa jiki nake lallaɓa ta da su. Gwajin ƙarshe ya haura 300. Yaron mai haɗi ma ya dawo, na gan shi ranar kasuwa da tirensa a rana, mata da tsofaffi sun kewaye shi.

Kai da ke shan ƙullin nan don gwiwa ko baya, da ke da kike shansa don biki, in an kwana biyu ana sha kada a yanke shi dare ɗaya, kada kuma a zubar da shi a Kwara. A ɗauki ledar yadda take a kai wa likita ya ware ƙwayoyin da kansa. In ya rubuta gwajin kotisol, ka kwana a garin da za a ɗebi jinin, kuma da safe kada ka karɓi koko daga hannun kowa.