Ranar da Na Mayar da Jupita Auta

Tun ina firamare nake cika baki cewa lissafi a jinina yake, kuma ban taɓa bari yarana su manta ba. Shi ya sa da 'yata ta kawo aikin gida bayan isha'i, na gyara zama a tabarma, na ce ta miƙo biro.

An ce a jera duniyoyi uku daga mai nauyi zuwa mara nauyi. Mas: kilogiram 6.42 × 10²³. Duniyarmu: 5.97 × 10²⁴. Jupita: 1.90 × 10²⁷.

Na ce, "Wannan ne ya hana ki cin tuwo? Shida ta fi biyar, biyar ta fi ɗaya. Mas ce babba, Jupita auta."

Ta ce, "Baba, 'yan lambobin nan da ke saman goma fa?"

Na ɗaga tabarau na leƙa su, ƙanana kamar kiyashi. Na ce ado ne na masu buga littafi. Har na ƙara mata da nasihar kada ƙananan abubuwa su riƙa ɗauke mata hankali.

Washegari ta dawo da jan sifili, ƙato kamar faifai, ta ajiye min a cinya ba ta ce uffan ba.

Uwargida ce ta warware min, tana tankaɗe. Ta ce, "Malam, ɗari tara da dubu biyu, wanne ya fi?" Na ce dubu biyu mana. Ta ce, "To ai tara ta fi biyu. Gobe in ka ba ni dubu biyu na cefane, sai in mayar maka da ɗari tara, ka ga ka ci riba."

Ashe 'yar lambar nan ita ce ke faɗin sau nawa za a ninka da goma. Kowane taki ɗaya, ninki goma ne. Ita ake fara dubawa. Sai an yi kunnen doki a can ake waiwayar lambar gaba. Daga 24 zuwa 27 taki uku ne, wato dubu.

Ban yarda nan take ba, namiji ne ni. Na ɗauko bayan kalanda na rubuta nauyin Jupita ɗalla-ɗalla: 19 da sifili 26 a bayanta. Sau uku ina ƙirgawa, sau uku ina samun adadi daban, daga ƙarshe sifilin suka gangara kan tabarma. A nan na gane dalilin da ya sa masana suka taƙaita abin.

Mas ɗin da na naɗa sarauta, sai an tara tara irinta da ɗoriya kafin a kai nauyin duniyarmu. Jupita kuwa, autata, ta ninka duniyarmu kusan sau 318, ta kuma fi sauran duniyoyi bakwai a haɗe nauyi fiye da ninki biyu.

Yanzu in an kawo aikin gida, kicin ake wucewa da shi. Ni fiƙe fensir aka bar min.