Jinjina Ga Gidajen Talakawa Da Talaka Bai Taɓa Ɓatawa Ba

A riƙa faɗin gaskiya komai ɗacinta: ƙasar da ta haura shekara arba'in tana gina wa talaka gida, kuma har yau ba ta bari ya dagula ko fentin bango ba, ta cancanci lambar yabo. Adana dukiyar al'umma ke nan.

Tun 1979 gwamnatin Shagari ta ɗau alkawarin gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara. Ko rabi ba a kai ba, don kada a yi almubazzaranci. Waɗanda aka gina kuwa, aka kai da yawansu can bayan gari, nesa da hayaniyar kasuwa da fitinar ruwan famfo, domin mai ƙaramin ƙarfi ya samu natsuwa.

A 1992 aka zo da Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda ke cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci duk wata. Masinjan da ke aikin tarayya a Birnin Kudu ba ya ma shan wahalar kai kuɗin. Tun kafin albashi ya iso an hutar da shi. In yana son rancen gini, ruwa kashi 6 kacal, shekara 30. Sai dai ya kawo takardar mallaka irin wadda dokar filaye ta 1978 ta ɗora wa gwamna sa wa hannu. Shi kuwa filinsa na gado ne, shaidarsa mai unguwa da dattawa biyu da wata tsamiya a kan iyaka. Ba komai. In ya yi ritaya za a mayar masa da ajiyarsa har da ribar kashi 2, a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 a 2024. Ya sayi buhun siminti ya ajiye na tarihi.

A 2021 gwamnatin tarayya ta buɗe sayar da gidajenta ta intanet. Mafi araha, mai ɗaki ɗaya, naira miliyan 7.2, lokacin da mafi ƙarancin albashi ke naira 30,000. Lissafin ma da albarka: shekara 20 cif, in dai mutum ya daina ci da sha da ciwo, iyalinsa suka taya shi. Wa ya ce ba a koyar da tarbiyyar tattali? Manomin Gwaram kuwa, da ba shi da takardar albashi, an ɗauke masa nauyin sa rai gaba ɗaya. Wannan ma rahama ce.

Su Amurka tun 1986 suka ɗora wa kansu wahala: a rage wa masu zuba jari haraji, bisa sharaɗin a ware wani kaso na gidajen ga masu ƙaramin samu, a kuma ƙayyade kuɗin haya shekaru masu yawa. Mu da muka fi su hangen nesa, da muka kawo irin wannan rangwame a 2019, sai muka ba su Dangote da MTN su yi tituna. Daidai ne. Talaka ai ba mazauni ba ne, kullum a hanya yake.

Sannan a dubi yadda damina ke taya gwamnati aiki. A watan Agusta bangon ƙasa ya sha ruwa ya jiƙe, azara ta fara kuka, uwargida ta jera kwanuka a ƙarƙashin yoyo, kafin asuba ɗaki ya zauna. Bayan kwana biyu sai ga tawaga da tabarmi da barguna da masu ɗaukar hoto. Da gidan siminti ne, yaushe manya za su san ƙofar gidanka?

Masu hassada su je Dutsen Habude da Dutsen Mesa su gani. Mutanen da suka fake a can ba su cika fom ba, ba su biya ruwa ba, har shanu suka zana a bango don jin daɗi, kuma rufin bai taɓa yoyo ba. Alhamdu lillahi, hukuma ta farga da wuri ta mayar da wuraren kayan tarihi na ƙasa, kafin wani marar gida ya shiga da tabarmarsa ya zubar mana da mutunci.