Ka Ce Biyan Kuɗi Don Tafiyar Ƙafa Hauka Ne?

Alhaji, saki fuskar nan mana, ban gama sallama ba har ka haɗe gira. Abin da na ce kawai shi ne, a kudu maso yammacin Turkiyya, tsakanin garin Fetiye da Antaliya, akwai wata hanyar ƙafa da ta haura kilomita 500. Tana bin gaɓar Bahar Rum, ta hau dutse ta gangara, ta ratsa kangayen garuruwan da suka shekara sama da 2,000. Hanyar Likiya ake ce mata. Kuma mutane masu cikakken hankali, da 'ya'ya da jikoki, suna zaro kuɗi su ɗauki jagora ya bi da su ta cikinta.

Ka ce kai za a gaya wa Turkiyya, ƙasar da ka sani ciki da bai? Mun ji labari. Ka sauka Istanbul, ka shige Laleli, kuka yi ciniki da kalkuleta kai da mai shago, aka ɗaure maka dilar abaya da takalma, ka koma filin jirgi. Shago ka sani, Alhaji. Ƙasar tana nan tana jiran ka zo ku gaisa.

Ka ce in ba motsuwar kai ba, wa zai biya kuɗi ya sha wuyar tafiya, ga mota ga jirgi? Kai jama'a! Yau kuma tafiyar ƙafa ce ta zama abin kunya a bakin jikan fatake? Kakanninka da suka riƙa tashi daga Kano su nufi Gwanja neman goro, wata da watanni bisa sawu, madugu na tsara zango, jagaba na gaba yana duba hanya, duk motsattsu ne ke nan? Su ma fa ba kyauta madugu yake yi musu ba. Bambancin ku ɗaya ne, su da jakai da kaya niƙi-niƙi, kai kuma mota ce za ta kai maka akwatinka masauki na gaba, ka taka da 'yar jakar goyo da gorar ruwa. Mai son cinye hanyar duka sai ya ba ta kusan wata guda. Kai ba wanda ya ɗora maka wannan. Yawancin masu shirya tafiyar mako ɗaya suke yankowa, kullum a taka kilomita 10 zuwa 15, a kwana a ƙauye. Na ga ka dafa gwiwa tun yanzu.

Ka ce to an ji, amma jagoran na mene ne, ai mai tambaya ba ya ɓata? Madalla da wannan hikima. Wa za ka tambaya a tsakiyar dutse, akuya? Su ne masu rinjaye a wurin, kuma ba su jin Hausa. Gaskiya ne hanyar tana da alama. Wata Baturiyar Ingila mazauniyar Turkiyya, Kate Clow, ita ta bi tsoffin turakun makiyaya da na alfadarai da guntayen hanyoyin Rumawa ta haɗe su, aka buɗe a 1999, aka shafa fenti ja da fari jikin duwatsu da itatuwa. Sai dai fenti ba ya magana. Ba zai gaya maka rijiyar da ke gaba ta ƙafe tun watan jiya ba. Ba zai gaya maka karen makiyayin nan mai kai kamar na ɗan maraƙi ba a ruga masa da gudu ba. Jagora ne ya san wannan, shi ya san inda dutse ke zamewa, shi ya san gidan da za a ba ku shayi. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, ballantana baƙon da ya dogara da waya a inda sabis ke ɗaukewa.

Kuma ba tsaron lafiyarka ne kaɗai aikinsa ba. Kusa da tsohon garin Patara hanyar tana hawa kan wata doguwar katanga ta manyan duwatsu, wurin da ake kira Delikkemer. In kai kaɗai ne, cewa za ka yi an yi asarar dutse, ka wuce. Jagora zai ce ka tsuguna ka leƙa. A saman katangar an jera sassaƙaƙƙun duwatsu, kowanne an huda shi tsakiya, ramin zai ci kan mutum. Gefe ɗaya an fitar masa da baki, ɗaya gefen an rarake, yadda wannan zai shige cikin wancan su zama bututu guda. Ruwa ne ake jawowa daga tsaunuka, tafiyar kimanin kilomita 20. In ya iso kwarin nan sai ya gangara ta cikin bututun, nauyin na baya ya tura na gaba ya haye ɗaya gefen, ba inji ba lantarki. Girgizar ƙasa ta taɓa karya shi, aka gyara a zamanin sarkin Rum Basbasiyan, ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa. An gyara fa, Alhaji. Yaushe rabon famfon layinku da ya yi ko tari?

Ka ce kango dai kango ne, gidan jemage da mutanen ɓoye? Yi a hankali da bakinka, wannan kangon majalisar tarayya ce. Mutanen Likiya, wato mazauna yankin nan a zamanin da, sun haɗa garuruwa 23 cikin ƙungiya ɗaya, suka raba ƙuri'a bisa girman gari. Manya irin su Patara da Zantos da Mira da Olimpos ƙuri'a uku-uku, matsakaita biyu, ƙanana ɗaya. Haraji ma a kan wannan ma'auni ake biya, mai babbar murya shi ne mai babban kaso. Zauren da suke zama yana nan a Patara, kujerun dutse hawa-hawa da za su ɗauki mutum sama da 1,000, majalisar dokokin Turkiyya ce ta ɗauki nauyin gyara shi. Lokacin da Amurkawa ke muhawarar tsarin mulkinsu a 1787 da 1788, Madison da Hamilton sai da suka kawo misalin Likiya cikin rubuce-rubucensu. Kai da ba ka da aiki kowace yamma sai gardamar tarayya da rabon arziki a bakin mai shayi, ga inda aka daɗe da yin ta, kana ce masa gidan jemage.

Daga zauren, tafiya kaɗan sai rairayin Patara, kusan kilomita 18 ba otal ba bene, saboda kunkurun teku na zuwa yin ƙwai, har akan hana mutane shiga da dare a lokacin. Yashin nan shi ya cike tashar jiragen ruwan garin, ciniki ya mutu, mutane suka watse. A garin nan kuma aka haifi Nikolas, wanda ya zama limamin Kirista a Mira cikin ƙarni na 4, shi ne Turawa suka mayar Baban Kirsimeti. Duk jar rigar sanyin nan da ƙanƙara da barewa ƙari ne. Mutumin ɗan bakin teku ne, a inda rana ke gasa ƙeya.

Ka ce kai ba ka ƙetare ƙasashe don kallon kaburbura ba? Ai ba za ka neme su ba, su za su tare ka. Suna cikin gonar zaitun, suna bakin kasuwa, akwai wanda ke tsaye tsakiyar titi a Fetiye, motoci na kewaye shi. Akwatuna ne na dutse, murfinsu kamar kwalekwalen da aka kife. A Mira kuwa jikin tsauni aka sassaƙa su, wani bisa wani, da ƙofa da taga da kan azara, duk na dutse, an kwaikwayi gidajen katakon da masu su suka zauna a duniya. Da yawa an rubuta gargaɗi a jiki, cewa wanda ya buɗe zai biya tara, ga kuma tsinuwa. Duba da kyau, kusan kowanne da ƙaton rami a gefe. Ɓarawo bai fara raina sanarwa yau ba. Na Zantos ma a fili aka kwashe su. Wani Bature Charles Fellows ya loda mafi kyawunsu a jirgin ruwa wajen 1842, suna gidan tarihin Landan har gobe. Wannan labarin na san bai yi maka baƙo ba. Abin da ya rage a wurin duk da haka ya isa UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1988.

Yauwa, ga inda nake jiran ka. Ka ce duk ka yarda, amma ban da ruwa, don ruwa ba sa'an wasa ba ne? Wa ya ce ka yi iyo? A tsibirin Kekoba ma haramun ne, tun 1990 aka killace wurin, ba iyo ba nutso a kan tsohon garin da ruwa ya ci. Daga ƙauyen Ucagiz za a ɗaura maka rigar da ke hana nutsewa, a zaunar da kai cikin siririn kwalekwale na mutum biyu, a miƙa maka matuƙi, jagora na gefe. Tsibirin ya tare iska, ruwan yawanci kwance yake, garau har ƙasa. Girgizar ƙasa ce a ƙarni na 2 ta zaftar da gefen garin cikin teku. Za ka ga matakala ta fito daga jikin dutse ta gangara, taki ɗaya, biyu, uku, ta shige ruwa ta ci gaba da sauka abinta. Ga harsashin ɗakuna, ga fasassun tuluna a ƙasa. A tsallake, ƙauyen Kalekoy, wanda mota ba ta shiga, wani kabari na tsaye cikin ruwa shi kaɗai. In ka rufe ido don tsoro, kuɗinka ka rufe wa.

Tunda ɗan kasuwa ne kai, karɓi wannan. Kusa da garin Kash, a wani wuri Uluburun, wani mai nutso neman soson teku ya ci karo da jirgin da ya nutse, a 1982. Jirgin ya kwana a ƙasan teku sama da shekara 3,300. Da aka fito da kayansa sai ga tan 10 na jan ƙarfe, tan ɗaya na kuza, hauren giwa, haƙoran dorina, ƙwan jimina, baƙin katako na Afirka, har da hatimin zinariya mai sunan sarauniyar Masar Nafartiti. Kayan nahiyarmu sun riga ka zuwa Turkiyya da nisa, kuma ba su nemi biza ba.

Ka ce wutar nan da ake cewa tana ci a jikin dutse ba itace ba mai, ai ba sai an faɗa ba, aikin mutanen ɓoye ne? Girkawan da ma haka suka ɗauka, suka ce wata dodanniya ce mai kan zaki, jikin akuya, wutsiyar maciji, take huro ta. Wurin yana saman ƙauyen Cirali, kusa da kangon Olimpos, Turkawa na ce masa Yanartash. Bayan magariba ake hawa, da tocila, kimanin kilomita ɗaya na matakalar dutse. Iskar gas ce ke tsattsafowa ta tsagar dutse tana kamawa, harsuna nan da can, kuma an shekara aƙalla 2,500 ana ganin ta. In ka rufe rami ɗaya ta mutu, ka kusanto da ashana ta tashi. Har shayi ake dafawa a kai. Aljanin da ya yarda a ɗora masa buta, ai ya zama ɗan gida.

Akwai guda da na yafe maka. A Oludeniz ana hawa da mutum tsaunin Babadag, kusan mita 2,000, a ɗaure shi jikin matuƙi, su ruga su faɗa sarari da lema, su sauka bakin teku. Wannan ba dole ba ne, ba ya cikin farillan tafiyar. Ka zauna ƙasa ka riƙe wa jama'a takalma, ba mai yi maka gori sai ni.

Saura me? Abinci? Ƙasar Musulmi ce, ƙauyukan da masallatansu, kiran salla zai tashe ka ko ba ka so. Da safe ga burodi, zaitun, cuku, tumatir, zuma da ƙwai. Da rana matan ƙauye na murza gozleme, wata siririyar waina mai faɗi da ake cusa wa cuku ko alayyafo a gasa bisa faranti na ƙarfe. Shayi kuwa a 'yan ƙananan kofunan gilashi, sai ka ce ya isa. Tuwo ne babu, kuma ba a taɓa jin wanda rashin tuwon mako guda ya kai asibiti ba.

Ka ce da tsada? Da tsada mana, wa ya ce maka sadaka ce? Da wuya kuma. Duwatsun suna da kaifi, hawan yana da tsayi, gangaren ya fi hawan cin gwiwa. A Yuli da Agusta zafin wurin ba ya ragawa kowa, kada ka ce kai ɗan rana ne, a inuwa kake wuni. Afrilu da Mayu, ko Oktoba, su ne lokacinta. Ka nemi jagora mai lasisi, ka tambaye shi nisan kowace rana da yawan hawan kafin ka biya ko sisi. Ka sayi takalmi mai kauri ka fara sawa tun a gida ya saba da ƙafarka, silifas ɗin nan ka bar wa alwala. Kuma daga gobe, masallacin Juma'ar da kake tayar da mota dominsa, fara zuwa da ƙafa.