Digiri Shida Kacal

Duk wanda ya tashi a Wudil yana da wani abin tinƙaho da ba ya iya barinsa a ciki, wato sanyin bakin kogi. In hunturu ya kankama, hazo ya rufe gada har direban da ya taso daga Kano ba ya hango motar da ke gabansa, mu 'yan gari sai mu riƙa yi wa baƙi dariya suna rawar ɗari. Ni da bakina na sha faɗa a teburin mai shayi cewa wanda ya yi wanka a Kogin Wudil da asubahin Janairu ya gama da sanyin duniya. Ban taɓa yin wankan ba, gaskiya, amma na sha tsayawa a kan gada ina kallon masu ɗiban yashi suna yi.

Da wannan jarin na karɓi takardar gurbin karatun digiri na uku a birnin Abadin, can arewa maso gabashin Sikotlan, a 2015. Na yanke cewa da iyalina zan tafi: uwargida da yara uku. A lokacin doka ba ta matse ba. Sai daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin masu karatun digiri na biyu zuwa da iyali, ta bar wa masu bincike irina ƙofa.

Da na kai wa Inna labari, tambaya ɗaya ta yi. "Ba can ne aka ce ruwa yana daskarewa a buta ba?"

Na yi murmushin masu ilimi, na zaro takarda. Na riga na kwana a intanet ina awo. Na ce, "Inna, a nan Wudil in sanyi ya yi tsanani ma'auni yana sauka zuwa digiri 12. A can kuwa, a Janairu, digiri 6 ne. Sha biyu a ɗebe shida, saura nawa? Digiri shida kacal ke tsakaninmu da su."

Uwargida ta ce, "Malam, ka dai tabbata?"

Na ce mata lissafi ba ya ƙarya. Inna ta gyara mayafi ta ce, "Allah Ya kiyaye hanya. Jiki magayi."

Lissafin bai yi ƙarya ba, mai lissafin ne ya yi wauta. Digiri 12 ɗin Wudil na asubahi ne, sanyin awa uku, wanda hantsi na dubawa ya kwashe kayansa. Digiri 6 ɗin Abadin kuwa na tsakar rana ne, wato mafi ɗumin abin da garin zai iya ba ka a yinin. Asubahinmu na gwada da azaharsu. Kuma babu inda takardata ta rubuta iska, ko ruwa, ko duhu, ko cewa abin zai yi wata biyar bai ɗaga ba.

Na shiga Ƙofar Wambai na sayi rigunan sanyi na gwanjo, kowa bibbiyu, ina ganin ma na yi almubazzaranci. Uwargida ta cika jaka da kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da turaren wuta. Cikinmu ita kaɗai ta yi shiri.

Mun sauka a ƙarshen Satumba. Ƙofar filin jirgi na buɗewa wata iska ta taso daga Tekun Arewa ta shiga ta wuyan rigata ta fita ta ƙafar wando. Na cije. Autata ta ce, "Baba, wa ya bar firij a buɗe?" Direban tasi kuma, wanda ke sanye da riga mai gajeren hannu, ya yi mana barka da cewa mun yi sa'a mun zo kafin sanyi ya fara.

Garin gaba ɗaya da dutse mai ruwan toka aka gina shi, sama ma ruwan toka, teku ruwan toka, har ka rasa inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Sanyin Wudil busasshe ne, mai mutunci: ya fasa maka leɓe da diddige, ka shafa man kaɗanya, ku rabu lafiya. Na can jiƙaƙƙe ne, ba ya tsayawa a fata, ƙashi yake nema.

Juma'ar farko a Nuwamba na ce sai na nuna wa garin ɗan gidan wa ya zo. Na saka babbar riga ta shadda, na kafa zanna, na zura takalmin fata mai sulɓin ƙasa. Uwargida ta miƙo min jibgegiyar rigar da maƙwabci ya ba mu aro, na ce ba da ni ba. Karambanin akuya, gai da kura. Ina shan kwana iska ta sami babbar riga, ta hura ta kamar tantin biki. Ban ƙara tafiya da ƙafata ba, tura ni ake yi. Hula ta yi gabas. Na juya zan bi ta, na taka wani wuri da na ɗauka jiƙar ruwa ce, ashe ƙanƙara ce siririya wadda ido ba ya gani. Abin da na tuna shi ne na ga takalmana biyu a sama, ni a ƙasa. Wata tsohuwa mai sanda, wadda a haife ta haifi Inna, ita ta ɗaga ni, tana tambaya ko a kira motar asibiti. Hular kuwa wani farin tsuntsun teku, mai girman agwagwa da halin shirwa, na gani yana caccakarta a kan rufin mota. Na bar masa.

Duk da haka ba sanyin ne ya karya ni ba, duhu ne. A ƙarshen Oktoba aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, abin da har yau Inna ba ta yarda mutum na da ikon yi ba. Zuwa Disamba rana ba ta fitowa sai tara saura kwata, kafin uku da rabi ta faɗi. Yara su tafi makaranta da duhu su dawo da magariba. Da alwala ɗaya nake yin azahar, la'asar, magariba da isha'i, ba don tsabar taƙawa ba, don tsoron famfo. Da muka fara kasala da ciwon gaɓɓai, likita ta ce rashin rana ne, masu baƙar fata sun fi jin sa, mu riƙa shan ƙwayar bitamin D. Na tsaya a kantin magani ina ƙirga fam. Ni, da na yi shekara talatin da ɗoriya ina gudun rana daga inuwar darbejiya zuwa inuwar mangwaro, yau ga ni ina sayen ta a kwalba.

Kuɗin ɗumama gida ma wani karatun ne. Mitar gas tana cin kuɗi kamar bijimin da ake turkawa don kasuwar Juma'a. Wata rana na kashe ɗumin don tsimi, uwargida ta ce to bari ko ƙamshin gida mu ji, ta kunna turaren wuta. Minti biyu ba a yi ba na'urar hayaƙi ta kurma ihu, ta dukan benen ta amsa. Maƙwabta suka fito titi cikin kayan barci, ƙarfe goma na dare, ana yayyafi. Ni aka tura ba da haƙuri, tunda ni ne mai Turanci. Wani dattijo a cikinsu, da ya ji ina kukan sanyi, ya ce ai Abadin bakin teku ce, da sauƙi. In hau tudu zuwa Braemar, inda a Janairun 1982 ma'auni ya kai 27.2 ƙasa da sifili. Na gode masa, ban je ba.

Sai na sa rai ga bazararsu. Ta zo, ta zo da azumin 2016, wanda ya kama a farkon Yuni. Ranar da ta ƙi fitowa a Disamba yanzu ta ƙi faɗuwa, sai bayan goma na dare. Agogonmu da na gida ya sake zama ɗaya, don haka ƙarfe bakwai Inna za ta kira, ina jin ƙarar ludayi a kwanon kunu.

"Kun sha ruwa lafiya?"

"Inna, saura awa uku."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ka dai sa a duba muku ranar nan, ko maƙalewa ta yi."

Kada in ci amanar garin. Kusan shekara huɗu ba wanda ya yi zazzaɓin cizon sauro a gidana, wuta ba ta ɗauke ba, kuma mutanensa akwai taimako. Yara kuwa tuni suka sauya sheƙa. Da dusar ƙanƙara ta rufe ƙasar a ƙarshen Fabrairun 2018 aka rufe makarantu, su murna suka yi, suna birgima a ciki, ni ina leƙensu ta taga cikin bargo biyu.

Mun dawo Wudil a Afrilun 2019, ana tsakiyar zafi, ma'auni ya haura 40. Yara suka yi ta kuka suna neman a mayar da su. Ni kuwa na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na kwanta a rana kamar ƙadangare, har Inna ta sa aka kira mai ruƙiyya.

Abokan teburin shayi sun zaci yanzu na fi ƙarfin hunturu. Ina! Da iskar Disamba ta kaɗa ni ne farkon zuwa bakin kasko, na ƙarshen tashi. Jibgegiyar rigar da na saya daga baya tana nan rataye a bayan ƙofa. Duk ɗan Wudil da ya sami gurbin karatu a can ya zo ya karɓa aro, amma ya bari sai hantsi ya dubi ludayi, don kafin nan ina cikinta.