Bashin da Ya Tashi Daga Kabari

Gatanan gatananku.

Zaki ya gaji da shari'ar bashi, sai ya sa aka buɗe littafi uku iri ɗaya. Bushiya ta riƙe na Zoza, Kurege na Rogo, Kunkuru na Ƙaraye. Lokaci-lokaci su haɗu su gwada, abin da ɗaya ya rasa ya kwafa wurin 'yan'uwansa.

Kura ta ci akuyar Gizo bashi. Da kaka ta biya buhun dawa tana ƙunƙuni. Bushiya ta goge, Kurege ya goge. Kunkuru kuwa ruwan Challawa ya tsare shi, bai ji ba. Da ya iso aka gwada: nasa da rubutu, nasu fari fat. Suka ce, "Af, ashe mu muka manta!" Suka kwafa. Kura ta sake biya.

Ta kai ƙara. Zaki ya ce daga yau ba gogewa, a rubuta "ya mutu" a gefen bashi, da ranar mutuwar, kuma sabon rubutu ke kayar da tsoho. Aka zauna lafiya. Sai kaburbura suka cika littafi, mai neman bashi ɗaya sai ya tsallake matattu ɗari. Zaki ya ce to, alama ta yi kwana 10 a share ta, amma lalle a yi gwaji kafin nan.

Gizo ya ƙirga ƙafafunsa takwas, ya ari biyu na Ƙoƙi.

Kura dai ba ta daddara ba. Ta ci tunkiyar Gizo bashi, ta biya, Zoza da Rogo suka kafa alama. Ran nan Gizo ya tare Kunkuru a hanya: "Yanka ya daɗe, Malam Kunkuyu, ai ba ka wuce tuwon Ƙoƙi ba." Yau miyar kuka, gobe taushe, jibi ɗanwake. Malam ya miƙe ƙafa. Sai ran kwana 11 aka rako shi har bakin ƙofa.

An riga an share alama. Nasa da rubutu, nasu fari fat. Gizo ya ɗauko buhu ya nufi gidan Kura.

Ƙurunƙus.

Ku da ke kiwon kwamfutoci, ku duba Cassandra, rumbun bayanan da ya fito daga Facebook a 2008. Shi ma alamar "ya mutu" yake kafawa kafin ya share, kuma wa'adin alamarsa daƙiƙa 864,000 ne, kwana 10 cif. Na'urar da ta ɗara haka a kashe, a wanke ta tas kafin ta koma cikin 'yan'uwanta.