Bazazzagi Zai Zaga Turai a Jirgin Ƙasa

Jama'a ku taya ni murna, bawana Bazazzagi ya yi ritaya. Shekara 35 yana isa ofis ƙarfe goma yana rubuta takwas a rajista, har gwamnati ta gaji ta sallame shi. Garatuti na faɗawa asusu ya bugo mini waya, murya har rawa take: wai zai ɗauki Hajiya su tafi Turai, su bi birni-birni a jirgin ƙasa, "a tsanake, ba gaggawa."

Na same shi a zaure a Tudun Wada, ya baje taswira a tabarma, ya danne gefe da carbi da kofin shayi, tabarau a karan hanci, jan biro a hannu. Na ƙirga garuruwan da ya kewaye, goma sha ɗaya. Na ce kwana nawa? Ya ce sha biyu. Malam, ko ɗan takarar da zaɓe ya ƙure wa ba ya irin wannan rangadi.

To zauna in karanta maka, aikin ubangida ke nan. Na san za ka ce ku ne 'yan jirgi, Zariya mahaɗar dogo. Dogon da ya ratsa ku a 1911 Kano ya nufa, ruwa kawai ya tsaya sha a wajenku.

Tikitin da ka ji labari, Eurail, gaskiya ne. An yi shi don baƙin da ba mazauna Turai ba, kuma yana aiki a ƙasashe 33. Mai shekara 60 ana yi masa ragi. A takarda bana ka cika, ta gaskiyar kuwa ni da kai mun sani, amma na rufa maka asiri. Sai dai jiragen nan masu gudu na Faransa da Sifaniya sai ka kama kujera tun da wuri, da kuɗinta daban. Babu "ɗan matsa mu zauna huɗu-huɗu."

Sai batun lokaci, inda nake jiye maka. Jirgin TGV na Faransa yana hana shiga saura minti biyu ya tashi. Ba kwandastan da zai tsaya yana kiran "saura mutum ɗaya," ba lambar direban da za ka buga ka ce ga ka nan a kwana. Kuma dogon turancin nan naku na Zagezagi ba zai buɗe ƙofa ba, mutanen can Faransanci suke ji. Tashoshin Paris ma da yawa suke, jirgi mai zuwa Barsalona daga Gare de Lyon yake tashi. Ka rubuta a tafin hannu.

Na ga ka kewaye Landan har sau biyu. Jirgin Eurostar yana bi ta ƙarƙashin teku, ta ramin da aka buɗe a 1994, ya kai ka daga Paris cikin awa biyu da 'yan mintoci. Amma bizar Shengen, mai kwana 90 cikin 180, ba ta shiga Ingila. Ka nemi tasu daban, ko ka goge.

Na kuma hango Gana-mas-go uku a bayan ƙofa, ina jin ƙamshin kilishi da dambun nama. Tarayyar Turai ba ta yarda matafiyi ya shigo da nama a kayansa, a filin jirgin sama za a raba ka da shi kana kallo. Ka aiko mini in adana maka a ciki. Sannan can babu 'yan dako. Kowane gari ka ƙara a taswira, ka ƙara wa kanka jan akwati a matakala da neman masauki. Sauri dai ya haifi nawa.

Ga shawara kyauta, ko da yake Bakano bai saba ba da kyauta ba. Gari huɗu, mako uku: Paris, Barsalona, Kurɗuba, Garnaɗa. Daga Paris zuwa Barsalona wajen awa shida da rabi ne, kana zaune gonakin inabi da bakin teku suna wucewa ta taga. A Kurɗuba ka shiga masallacin da Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa wajen 785, ka ga ginshiƙai jere kamar gonar dabino. Tun 1236 coci ne, kada ka zaro darduma a ciki a riƙe mini kai. Fadar Alhambra ta Garnaɗa kuwa, wadda ta fita daga hannun Musulmi a 1492, tikitinta da sa'ar shiga a rubuce, kuma yakan ƙare tun saura makonni. Ku tafi a Afrilu ko Mayu. A watan Yuli zafin Kurɗuba yakan haura digiri 40, ga shi a Yuni rana ba ta faɗuwa a Paris sai wajen goman dare, kai da kake minshari tun takwas da rabi.

Wasa gefe, Malam, ka je tun gwiwa tana ɗauka. Baiwar Allah nan ta shekara talatin da wani abu tana ɗumama maka tuwo kana fakewa da fayil. A jirgi za ka zauna awa shida kuna fuskantar juna, ba taro, ba waya daga ofis. Ka ba ta kujerar taga, in ta yi magana ka saurara har ta kai aya. Ba a samun wannan a rangadin gari sha ɗaya.

In kun dawo, ragowar yuro ka kawo mini Wapa, zan canza maka a farashin bawa. Kuɗin shara na bana da na bara kuma, sai in cire tun daga nan.