Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gargaɗi Mai Lamba NU1701

Takarda ta fito daga hannun masu rubuta manhaja a dandamalin .NET, zuwa ga mai girma Gargaɗi NU1701, wanda ke fitowa da alamarsa ruwan ɗorawa a ƙasan allon Visual Studio. Masu takarda suna da ƙorafi a kan yadda mai girma yake gudanar da aikinsa tun shekarar 2017.

Asalin maganar sananne ne. Kamfanin Microsoft ya fitar da .NET Framework a 2002 domin Windows kaɗai, sannan a 2016 ya kawo .NET Core mai aiki har a Linux da macOS, alhali ɗimbin ƙunshin da ke rumbun NuGet, wato shiryayyun sassan manhaja da wasu suka rubuta don a ɗauka a yi amfani da su, an gina su ne bisa tsohon dandamali. A cikin akasarin ƙunshin akwai jaka mai suna lib, wadda ƙananan jakunkunanta ke ɗauke da sunan dandamalin da aka nufa, kamar net45 ko netstandard2.0, kuma idan babu wadda ta dace da aikin mutum, sai kuskure NU1202 ya tsayar da komai. Da .NET Core 2.0 ya zo, aka yi sassauci mai suna AssetTargetFallback, wanda ke barin NuGet ya karɓi ƙunshin da aka gina wa net461 da makamantansa, kuma ranar nan aka naɗa mai girma.

Abin da ke damun masu takarda shi ne mai girma ya zama maigadin da ke buɗe wa baƙo ƙofa ba tare da ya duba kayansa ba, sannan ya leƙa ya shaida wa maigida cewa mai yiwuwa baƙon ba na kirki ba ne. Ƙunshin da aikinsa bai wuce sarrafa rubutu da lissafi ba yakan yi aiki lami lafiya, amma wanda ya jingina da System.Web, abin da kusan dukansa babu shi a sabon dandamali, zai bari a harhaɗa manhaja ba gardama, sai ta hau sabar da jama'a ke amfani da ita, ta iso layin da ke neman abin da babu, ta faɗi da TypeLoadException. Duka biyun kuwa sanarwa iri ɗaya mai girma yake yi musu, ko wasali bai canza ba. Ba abin mamaki ba ne da wasu suka gaji suka rubuta NoWarn a fayil ɗin Directory.Build.props, suka rufe masa baki a dukan ayyukansu lokaci guda, wanda kuwa ganganci ne, ko da yake da dalilinsu.

Masu haƙuri sun san hanya. Sukan fara neman sabon fitowar ƙunshin, kamar yadda EntityFramework 6.3 ya samu netstandard2.1 a 2019. In kuwa irin Microsoft.AspNet.Mvc ne, wanda ba ya rabuwa da System.Web, babu makawa sai an sake rubuta aikin da ASP.NET Core. Wani lokaci mai laifin ba ya cikin jerin abin da mutum ya ɗauko da hannunsa, wani ƙunshin ne ya jawo shi, sai an tona project.assets.json cikin jakar obj kafin a gano shi. Mai ƙunshin kansa kuma yakan gina shi bisa netstandard2.0, ba 2.1 ba, domin ko .NET Framework 4.8 bai san 2.1 ba. Rufe baki bai halatta ba sai bayan gwaji, kuma a kan PackageReference na ƙunshi ɗaya tak.

Saboda haka masu takarda suna roƙon mai girma ya riƙa buɗe kayan baƙo, ya ambaci sunan abin da ƙunshin ke nema wanda sabon dandamali ba shi da shi, in kuma bai ga komai ba ya faɗi haka a fili.